Zanen Zuciyar da Waya Ta Juya

Ranar da sakamakon jarrabawar gwaji ya fito, Malamar Halittu ba ta raba takardu ba. Ta shigo ajin ƙarshe rungume da su, ta dire su a kan teburi, ta tsaya tana bin fuskokin ɗalibanta da kallo kamar yau ta fara ganinsu. A bayanta shugaban makaranta ya shigo, wanda ɗalibai ke kira Baba Guduma a ɓoye, saboda duk wayar da aka kama a makarantar, a gaban taron safe yake farfasa ta da guduma.

Auta tana benci na biyu, kusa da taga. Sunan gida ne ya biyo ta makaranta, har malamai ma da shi suke kiranta. Ba ta da fargabar komai, don ta san abin da ta rubuta.

Malama ta ɗaga takarda ɗaya. "Tambaya ta farko, an ce ku zana zuciyar ɗan Adam, ku nuna ɗakunanta huɗu. Wannan zanen a juye yake. Ɗakin nan mai kaurin bango, wanda ya kamata ya zo ta hannun damar takarda, ga shi ta hagu. Babbar jijiyar nan ta lanƙwasa ta inda ba nan take bi ba." Ta ɗaga wata. "A juye." Ta ɗaga wata. "A juye." Haka ta yi ta ɗagawa har hannunta ya gaji. In ka cire Auta da wasu mutum biyu, kaf ajin a juye suka zana zuciyar, kuma juyin iri ɗaya sak, har da wata 'yar ƙugiya da ke ƙasan zanen.

Shugaban ya gyara murya. "Mutum yakan yi kuskure, wannan ba komai ba ne. Amma aji guda ba ya yin kuskure ɗaya, a wuri ɗaya, da lanƙwasa ɗaya, sai in daga takarda ɗaya aka kwafa. Kun san dokar makarantar nan. Wanda aka kama da satar amsa a gwaji, ba za a yi masa rajistar jarrabawar fita ba. Ƙarshen wata za a rufe rajista. Ku gaya wa iyayenku, sai baɗi."

Wata yarinya a baya ta fashe da kuka. Dogo, monitan aji, wanda tsayinsa ya sa ba ya iya zama a benci sai ya miƙe ƙafafu cikin hanya, ya tashi tsaye.

"Yallaɓai, wallahi ba wanda ya yi sata. Kuma zuciya haka take. Na gani da idona."

"A ina ka gani?"

Dogo ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi rufin ajin. Ya koma ya zauna. Amma kafin ya zauna ya watsa wa Auta wani kallo, kuma ba shi kaɗai ba. Ta ji idanu suna sukar ƙeyarta ta ko'ina.

Abin da shugaban bai sani ba, tun bara Auta take da shafi a waya mai suna Minti Ɗaya. Duk darasin da aka yi, sai ta taƙaita shi a bidiyo na minti guda, da zane, da ɗan kiɗa, da rubutu mai tsalle-tsalle, ta tura zauren hirar aji na waya. Daga nan karatu ya ƙare a ajin ƙarshe. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar daina karatu, a hankali abin ya zo. Ɗalibi zai dawo gida ya kwanta rigingine, ya kalli bidiyon Auta, ya danna alamar ajiyewa, ya ji a ransa ya yi karatun ranar. Daga nan yatsa ya zame zuwa bidiyo na gaba, wani yana rawa, wata tana zagin wata, wata mage ta faɗa bokiti, har rana ta faɗi. In uwa ta leƙo ta ce, "Kai, ba ka karatu?" sai ya juyo mata fuskar waya ta ga zanen huhu, ta sa masa albarka ta koma. Iyaye sun gamsu tunda yaro yana ɗaki. Malamai sun gamsu tunda aji shiru. Shugaba ya gamsu tunda gudumarsa tana aiki. Kowa ya samu abin da zai kwantar da hankalinsa da shi, ba wanda ya ɗauki littafin yaro ɗaya ya duba ko an taɓa buɗe shi.

Kuma abin da ya ɗaure bakin Dogo shi ne wannan: bidiyon zuciya a cikin ajin nan Auta ta ɗauke shi, lokacin hutun tara, sanye da kayan makaranta. Duk wanda ya nuna shi ya tona cewa ta shigo da waya.

Da aka tashi, ba wanda ya jera da ita. Gimbiya, ƙawarta tun aji ɗaya, mai tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taka ba, ta zo ta gifta ta.

"Sannu, Malama Minti Ɗaya. Kin ba mu na banza, kin riƙe na kirki."

"Wallahi daidai na zana muku!"

"To ai shi ya sa ke kika ci, mu muka faɗi. Allah ya ƙara basira."

Auta ba ta wuce gida ba, shagon ɗinkin Ummanta ta nufa. Shagon ɗan ƙarami ne, keke biyu, tarin ƙyallaye a kusurwa, da dogon madubi jingine da bango inda masu kaya suke gwada riga. Ta ciro wayar daga aljihun teburin Umma inda take barinta, ta buɗe bidiyon. Ga ta nan tana murmushi, riƙe da takarda a gefen fuskarta. Ga zuciyar, a juye. Ta zazzage jakarta, ta nemo ainihin takardar da ta riƙe a bidiyon. Zanen daidai yake, kamar yadda yake a littafi.

Ta dubi wayar, ta dubi takardar. Tana tsaye riƙe da ita a ƙirji ta juya za ta kira Umma, sai idonta ya faɗa kan madubi. Zuciyar da ke cikin madubin irin ta bidiyon ce sak.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Kyamarar gaba."

Umma ta tsayar da keke. "Ke Auta, lafiya kike magana da madubi?"

"Umma, da kyamarar gaba na ɗauka, wadda take nuna mutum kamar madubi. Ta juya zanen. Sunayen ɗakunan kuma daga baya na ɗora su da rubutun waya, shi ya sa rubutu bai juye ba balle wani ya gane."

"To ke da kika ɗauka ba ki kalla ba?"

Auta ta ajiye takardar. Ta kalla mana, ta kalla ya fi a ƙirga. Ta duba ko ɗankwalinta ya zauna, ta duba ko ƙurjin goshinta ya fito, ta duba mutum nawa suka yaba. Zanen ne kawai ba ta duba ba.

Ta ba Umma labarin duka. Umma ta cire allura daga bakinta ta soke a hannun riga.

"Yanzu ke sunanki yana cikin masu rajista?"

"Yana ciki."

"In kika kai wayar nan fa?"

"Zai iya cire ni."

Umma ta gyara zaren da ke kan keke. "Ni dai ba zan ce ki kai ba, ba zan ce kar ki kai ba. Amma uwar Gimbiya gobe za ta zo karɓar ɗinkinta. Ki gaya mini da wane ido zan kalle ta."

Washegari tun kafin a buga ƙararrawa Auta ta samu Malamar Halittu a ɗakin malamai, ta nuna mata. Malama ta kalli bidiyon, ta dafe kai, ta ce, "Zo mu je."

Ofishin shugaban yana da teburi mai gilashi a kai, da kofunan gasa da suka yi tsatsa a kan kabad. Gudumar tana nan gefen tawada, ba a ɓoye ba. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙe, ta ajiye wayar a kan gilashin da hannu biyu.

"Yallaɓai, ba su yi sata ba. Daga nan suka samo zanen. Ni na yi."

Ya sa tabarau ya kalla. Ya sa aka maimaita masa. Malama ta ɗauki littafi ta tsaya da shi gaban gilashin taga don ya ga yadda zane yake juyewa. Ya jingina da kujera.

"Wannan bangon da nake gani a bayanki, ba bangon ajina ba ne?"

"Shi ne, Yallaɓai."

"Madalla. To na ji. Ba ɓarayi ba ne, aku ne. Malama, wallahi ɓarawon amsa ya fi su, shi ko ba komai ya san inda amsar kirki take. Aji guda, littafi yana jakar kowa, a rasa wanda zai buɗe ya ga an juya masa zuciya? Waɗannan zan tura jarrabawar fita su zubar mini da sunan makaranta? Hukunci yana nan. Ke kuma kin ƙara kanki a ciki."

Ya miƙa hannu wajen gudumar. Auta ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Yallaɓai, ka fasa ta, taka ce. Amma tun muna aji ɗaya ake fasa waya a makarantar nan, ban ga wanda ya koma gida ya buɗe littafi saboda haka ba. Wata yake saya, ko ya ari ta yayarsa."

"Auta!" Malama ta daka mata tsawa.

Shugaban ya cire tabarau. Fuskarsa ta yi kicin-kicin. Malama ta yi sauri ta shiga tsakani.

"Ranka ya daɗe, yarinya ce, a yi haƙuri. Amma ina da roƙo. Dokar ta masu sata ce, kuma ka gani ba su yi ba. Rashin karatu kuwa ana gwada shi. Akwai sauran mako biyu kafin a rufe rajista. Ka zo ajin da kanka, ka buɗe littafin duk inda ka so, ka kira duk wanda ka so ya fito allo. Ba takarda, ba waya, ba maƙwabci. In sun ba ka kunya, ba zan sake cewa uffan ba."

"In sun ba ni kunya, har ita."

"Har ita."

Ya ja aljihun teburi, ya jefa wayar ciki, ya murɗa makulli. "Wannan sai bayan jarrabawar fita, ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba. Ku tashi ku ba ni wuri."

Da labari ya isa aji, sai murna ta ɓarke kamar an riga an ci. Gimbiya ta rungume Auta tana neman gafara. Dogo ya hau benci.

"Jama'a, magana ta ƙare! Auta, ga wayata, da kyamarar baya za ki ɗauka wannan karon. Babi-babi, minti ɗai-ɗai. Mu kuma mu yi ta kallo ba dare ba rana."

Aji ya ɗauki tafi. Auta ta dube su, ranta ya ɓaci. Jiya-jiya aka ce sun rasa shekara guda, yau har sun koma neman cokalin da za a ba su a baki.

"Ba zan yi ba."

Tafin ya mutu.

"Dogo, ka san me ya sa ni na zana daidai? Ba don na fi ka kai ba. Kafin in yi bidiyon minti ɗaya sai na karanta babin sau uku, in zana in yaga, in faɗa da bakina in ji bai fita ba in sake komawa littafi. Ni nake yin karatun, ku kuna kallon mai karatu. Shekara guda ina ci, kuna kallon bakina, kuna cewa kun ƙoshi."

"To yanzu ya kike so mu yi, ranki ya daɗe?"

"Kowa ya zama ni. Kullum babi ɗaya. Kowa ya karanta kamar shi zai koyar. In an tashi ba mai tafiya gida, Malama ta nuna wanda ta ga dama ya fito allo, sauran mu buɗe littafi mu kama shi in ya kauce."

"Littafin duka? Auta, kin san kaurinsa kuwa?"

"Kai ka san kaurinsa? Ina naka?"

Dogo ya sosa ƙeya. Wani daga baya ya ce, "Yana ƙarƙashin fankar ɗakinsu, ƙafarta ɗaya ta karye!" Aji ya kwashe da dariya, har shi Dogon.

Ranar farko abin bai yi kyau ba. Rabin aji suka sulale da aka tashi. Waɗanda suka tsaya, wasu littafinsu ko ledar shago ba a cire ba, wasu shafukan sun manne sai da aka sa reza. Malama ta nuna wani yaro ya bayyana yadda ganye yake haɗa abinci, ya fito ya rera kiɗan da ke bidiyon Auta daga farko har ƙarshe, amma bai iya faɗin kalma ɗaya ta darasin ba. Aka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Kowa ya ga kansa a jikin yaron.

Gimbiya ta ja Auta gefe, idonta ya yi ja. "Ni fa ba na iyawa. Wallahi na buɗe littafin. Layi uku na karanta, sai na ga hannuna riƙe da waya, ban san lokacin da na ɗauka ba. Na ajiye, na dawo, na manta layi ukun. Kamar kaina ya zama rariya."

Auta ta san wannan ciwon. Ita ma tun da aka kulle wayarta, hannunta yake zuwa aljihu ya dawo wayam, har takan ji kamar tana motsi a jikinta alhali babu ita.

"Wa kike tsoro a gidanku?"

"Kaka."

"Ki ba ta ajiya. Ki ce kar ta ba ki sai kin bayyana mata babin ta gane."

"Kaka? Ai ko sunanta ba ta iya rubutawa."

"Shi ya sa. In ta gane, kin iya."

Bayan kwana biyu Gimbiya ta dawo tana dariya har da hawaye. Kakar ta ɗaure wayar a bakin zane ta zauna a kai. Da aka yi mata bayanin ido, ta ce ƙarya ne, ya za a yi hoto ya faɗa cikin ido a kife mutum kuma ya ga jikarsa a tsaye? Sai da Gimbiya ta koma littafi ta nemo mata amsa kafin tsohuwar ta kwance zane. "Yanzu har jira take. Wai yau wane sashen jikinta za a yi."

Dabarar ta bazu. Wani ya ba babansa direba wayar ya tafi da ita aiki. Wata ta kulle tata a akwatin yayarta. Zauren aji bai mutu ba, amma Auta ta sa Dogo ya kafa doka: ba a tura abin da wani ya yi. In za ka tura, muryarka ce, zanen hannunka ne, kuma wanda ka tura wa sai ya buɗe littafi ya duba ka. Wanda ya turo mage a bokiti, a fitar da shi sai gobe. Dogo da kansa aka fara fitarwa.

Waɗanda suka sulale suka fara dawowa ɗai-ɗai, don kunyar a ce abokin zamanka ya fito allo ya yi bayani kai kana zare ido. Aji ya koma kasuwa bayan tashi. Ana gardama, ana buga benci, ana cewa, "Ƙarya kake, duba shafin gaba!" Dogo ya zo wata safiya idanu luhu-luhu, ya zube a benci.

"Auta, ki yafe mini. Ashe minti ɗayan nan naki yini guda ne."

Ba duka ne suka zama gwanaye ba. Har ana gobe gwaji akwai masu rikita jijiyar da ke kai jini da mai dawo da shi. Auta ta kwana da sanin cewa in hannun shugaban ya faɗa kan irinsu a jere, shekararta da tasu ta tafi.

Shugaban ya zo da hantsi, littafin a hammata, Malama tana biye. Ya ja kujera ya zauna a gefen allo, ya buɗe littafin ba tare da ya duba ba, ya nuna yaron nan mai rera kiɗa.

"Kai. Huhu."

Yaron ya fito, alli ya karye a hannunsa. Ya ɗauki guntun. Ya zana, ya goge da tafin hannu, ya sake zanawa. Muryarsa ta fara can ƙasa, ta yi ta hawa. Shugaban yana bin littafi da yatsa. Bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba. Ya juya shafuka.

"Ke mai jan ɗankwali. Yadda jini yake daskarewa a kan rauni."

Ta yi rabi ta kakare. Ta tsaya, aji ya ɗauke numfashi. Auta ta dunƙule hannu a ƙarƙashin benci har farce ya shige mata. Yarinyar ta rufe ido, ta koma farko, ta bi a hankali, ta fita. Na gaba da ita ya faɗi warwas, bai iya komai ba. Shugaban ya ɗaga kai ya dubi Malama, ya yi ɗan murmushin da Auta ba ta so ba. Ya kira Gimbiya, ya ba ta darasin kunne. Gimbiya ta yi bayanin kamar da Kaka take magana, da misalin ganga da 'yan ƙasusuwa uku masu miƙa wa juna saƙo, har wani malami da ke wucewa ya tsaya a taga.

Shugaban ya rufe littafin ya ɗora a cinya.

"Monita. Fito."

Dogo ya fito, kansa ya kusa taɓa saman allo.

"Zane na gani, hadda na ji. Aku ma yana hadda. Ga tambayata, ba ta cikin shafi. Mutum ya yini yana aiki a rana bai sha ruwa ba. Me ya sa fitsarinsa yake zuwa kaɗan, kuma ya yi duhu?"

Wasu suka fara ƙunshe dariya, kallo ɗaya ya yi musu suka haɗiye. Dogo ya tsaya. Ba a taɓa yin wannan tambayar a aji ba, Auta ta sani, don ita ma sai da gabanta ya faɗi. Ya dubi allo, ya dubi allin hannunsa. Yana nan tsaye har shugaban ya fara gyara zama kamar mai shirin tashi.

"Yallaɓai, a ba ni dama in zana ƙoda tukuna. Da hannu nake tunani."

"Zana."

Ya zana ƙodar, ya fitar da ɗan bututu guda ya faɗaɗa shi, mai lanƙwasa kamar igiya. Yana zanawa yana magana da kansa. "Jini ya shigo nan, an tace. Ruwa da datti sun bi bututu. To amma ba duka ruwan ke fita ba, a hanya jiki yana janye wani ya mayar cikin jini." Ya tsaya. Ya buga goshi da alli. "Yauwa! Mutumin nan ya yi gumi, ruwan jininsa ya ragu. Ƙwaƙwalwa ta ji, ta aiko da sinadarin nan da ke ce wa bututun ya ƙara janye ruwa. To an janye ruwa da yawa, dattin kuma yana nan yadda yake. Datti mai yawa cikin ruwa kaɗan, dole ya yi duhu, dole ya zo kaɗan." Ya juyo, shi kansa mamaki ya cika masa fuska. "Wallahi haka ne, Yallaɓai! Ashe shi ya sa!"

Shugaban ya dubi Malama. Malama ta gyaɗa kai.

Bai tsaya nan ba. Ya kira wasu, ya kira wasu, aka buga ƙararrawar tara bai motsa ba. Wasu sun yi tuntuɓe, akasari sun tsallake. Auta ce kaɗai bai kira ba. A ƙarshe ya miƙe, ya karkaɗe alli daga rigarsa, ya tafi har bakin ƙofa kafin ya juyo.

"Malama, ki kai sunayensu ofis yau. Dukkansu. Wancan da ya kasa, ki riƙe mini shi bayan tashi har ya iya." Ya kai idonsa kan benci na biyu. "Ke kuma, bakinki ya yi tsawo. Amma ki zo ki ga malamin Lissafi, a yi wa 'yan aji biyar irin wannan kafin su ma su ruɓe."

Yana fita ajin ya tashi. Ihun ya kai har ɗakin malamai, suka firfito suna tambayar ko gobara ce. Maza suka ɗaga Dogo sama, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Gimbiya tana tsalle ta manta da tafiyar ƙasaita. Malama ta share ido da hannu mai alli, fuskarta ta yi fari fat, ba wanda ya gaya mata.

Auta ta zauna tukuna. Da numfashinta ya dawo ta tashi, ta ɗauki tsumma ta goge allon tas, ta rubuta da manyan baƙaƙe: KIMIYYAR SINADARAI, BABI NA ƊAYA, GOBE.

Dogo ya hango daga kafaɗun da ke ɗauke da shi.

"Haba Auta! Ko ruwa ba za ki bari mu sha ba?"

"Je ka sha," ta ce, tana karkaɗe hannu. "Kai ka fi kowa sanin abin da zai same ka in ba ka sha ba."